BAYAN KYAMARA: Kowane sauti da motarsa

A wannan fili namu na Bayan Kyamara muna leƙa ayyukan da ɗan kallo ba ya gani amma su ne ke riƙe da fim. A wannan watan ido zai ɗan huta, kunne za mu bi.

Tambayar da matasa masu sha'awar aikin edita da na situdiyo suka fi yi ita ce: wai yaya ake yi a sinima ka ji jirgi ya taso ta bayanka ya wuce ta gabanka, alhali maganar jarumi tana nan daram a kan allo, ko gezau ba ta yi ba? Wasu na zaton tsadar sifika ce. Wasu kuma na ganin akwai wani maɓalli a kwamfuta da ake dannawa bayan an gama aiki, sai fim ya rikiɗe ya koma irin na Amurka ko Indiya. To, babu wannan maɓallin. Sirrin yana wurin rabon hanya. Kafin injiniyan sauti ya taɓa ƙarar komai, sai ya zauna ya tsara inda kowane sauti zai bi har ya isa sifikar da aka nufe shi da ita. In ya yi wannan daidai, sauran aiki mai sauƙi ne. In ya yi shi a karkace, ko kayan miliyan nawa aka tara masa, kwaɓa ce za ta fito. Tun ran gini tun ran zane.

MENE NE 5.1?

Za ku riƙa ganin wannan lamba a bayan kwalin DVD ko a jikin kayan kallo na gida. Sautin kewaye ke nan, wato sautin da ke zagaye ɗan kallo. Biyar ɗin sifiku ne cikakku: uku a gaba, hagu da tsakiya da dama, sai biyu na kewaye, ɗaya a gefen hagu ta baya, ɗaya a gefen dama. Ɗigo ɗayan kuwa layin rugugi ne, wanda ke tafiya wurin wufa. Ba a ƙirga shi a matsayin cikakken layi domin sauti mai kauri kawai yake ɗauka, wanda bai wuce Hz 120 ba. A kwamfuta za ku gan su da haruffa kamar haka: L hagu, R dama, C tsakiya, Ls da Rs na kewaye, sai LFE na rugugi. Ku haddace su, domin da su za mu yi ta aiki.

Abin ya daɗe ana nemansa. Tun 1940 kamfanin Disney ya gwada raba sauti a sifiku da yawa a fim ɗin Fantasia. A 1977 Star Wars ya sa duniya ta san tsarin Dolby Stereo, mai hagu da tsakiya da dama da layin kewaye guda ɗaya. A 1979 kuma Walter Murch ya haɗa sautin Apocalypse Now na Francis Ford Coppola da sifikun baya guda biyu masu zaman kansu, kuma wannan tsarin ne kakan 5.1 na yau. Batman Returns na 1992 ya zo da Dolby Digital, Jurassic Park na 1993 ya zo da DTS. Su ma mutanenmu na Indiya ba a bar su a baya ba: Sholay na 1975 an nuna shi da sautin sitiriyo a fim mai faɗin milimita 70, kuma a 2009 Resul Pookutty yana cikin mutum uku da suka karɓi kyautar Oscar ta haɗa sauti saboda Slumdog Millionaire.

Mu kuwa a nan, finafinanmu sun taso ne a kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, daga baya aka koma sidi. Sidin bidiyo layi biyu kawai yake iya ɗauka, hagu da dama, akasarin talabijin ɗin gidajenmu kuma sifika ɗaya ce a jikinsu. Don haka babu abin da ya tilasta wa editocinmu koyon wannan aiki. Amma duk furodusan da ke son fim ɗinsa ya shiga sinimar zamani, ko bikin finafinai na waje, ko manyan dandalin kallo na intanet, zai tarar ana tambayarsa 5.1. A nan ne ake raba gardama.

BAS ƊIN DA BA YA SHAN MAI

Masu wannan sana'a suna da wata kalma, bas. E, bas dai irin wadda kuka sani ta tasha, kuma misalin ya zauna daidai. Ku ɗauka kun shiga tashar Unguwa Uku da sassafe. Fasinjoji sun fi ɗari, kowa da inda za shi. Ba a ba kowane mutum ɗaya mota tasa, sai a tara masu tafiya wuri ɗaya a zuba su a bas ɗaya. Direba ya taka birki, kowa ya tsaya tare. Ya ƙara wuta, kowa ya tafi tare.

Haka yake a teburin haɗa sauti, ko na ƙarfe ne ko na cikin kwamfuta. Kowane sauti yana kan layinsa: muryar jarumi layi ɗaya, ta jaruma layi ɗaya, kalangu, fiyano, takun sawu, ƙarar ƙofa, kukan zakara, iska. Fim mai ɗan girma yakan tara layi sama da ɗari. Waɗannan su ne fasinjoji. Bas kuwa hanya ce da ke kwashe layuka da yawa ta haɗe su wuri ɗaya. Ka rage ƙarar bas, duk waɗanda ke ciki sun ragu tare, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Injiniya shi ne kamasho, shi ke cewa wane shiga nan, wance shiga can.

Sai dai kowace bas da faɗinta. Akwai mai kujera ɗaya, wato mono. Akwai mai biyu, sitiriyo. Ta 5.1 kujera shida gare ta. Wannan faɗin tun wurin ƙirƙirar bas ake zaɓarsa, kuma a nan sababbin shiga suke fara tuntuɓe: mutum ya buɗe aiki a sitiriyo, ya yi nisa, sannan ya fara neman inda zai tura sauti baya, ya ga babu. Ina za a samu? Motar kujera biyu ce. Manhajoji irin su Pro Tools da Nuendo da Reaper da ɓangaren Fairlight na DaVinci Resolve duk suna yin wannan aiki, sai dai a wasunsu ƙaramin samfuri ba ya buɗe 5.1, don haka a bincika kafin a saya. Sannan dole akwatin sautin da ke haɗa kwamfuta da sifiku ya kasance yana da mafita aƙalla shida. Mai mafita biyu ba zai taɓa jiyar da kai abin da kake yi ba.

MOTOCI UKU DA BABBAR TIRELA

Ka'idar da ake bi a ko'ina ita ce a raba duk sautin fim gida uku.

Ta farko, bas ɗin magana. Duk abin da bakin ɗan wasa ya furta nan zai shiga, ko wanda aka ɗauka a lokeshin ko wanda aka sake ɗauka a situdiyo. Za ku ga ana rubuta mata DX.

Ta biyu, bas ɗin kiɗa, MX. Kiɗan taushi na ƙarƙashin labari da waƙoƙi.

Ta uku, bas ɗin sauran sautuka, FX. Harbi, mota, mari, ruwan sama, hayaniyar gari, takun sawu, motsin tufafi. A manyan finafinai ana ƙara raba wannan, a ware sautin muhalli daban, a ware na motsin jiki daban, amma a ƙarshe duk gida ɗaya suke komawa.

Waɗannan ukun kowacce a yi ta da faɗin kewaye, sai dukkansu su juye a cikin babbar bas guda ɗaya mai 5.1, wadda ita ce ke fita zuwa sifiku. Ita ce tirelar da ke kwashe kowa. Abin da kowace bas ta tara, in an naɗe shi shi kaɗai, shi muke kira dami: damin magana, damin kiɗa, damin sautuka. Doka ita ce in aka haɗa damman nan uku ba tare da an taɓa komai ba, su ba da cikakken sautin fim cif-cif.

Daga wannan doka abubuwa biyu suka fito. Na ɗaya, kowane layi bas ɗaya tak zai shiga. In layi ya shiga bas ɗinsa kuma ya sake zarcewa kai-tsaye zuwa babbar bas, ya tafi sau biyu ke nan, ƙararsa za ta haura da desibel 6, ka yi ta mamakin me ya sa wannan ƙofar take ihu. Na biyu, kada a ɗora na'urar matse sauti a kan babbar bas ita kaɗai. In an yi haka, abin da ka ji daban, abin da damman za su bayar in an haɗa su daban. A ɗora matsin a kan kowace bas tun kafin su haɗu.

Wani zai ce, to duk wannan wahalar ta mece ce, tunda a ƙarshe haɗuwa za su yi? Ga amsa. Duk mai kallon finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa ya san wannan: a wasu, da zarar mai fassara ya buɗe baki sai kiɗa da ƙarar komai su nutse, in ya yi shiru su sake tasowa, kamar ana wasa da maɓallin rediyo. Dalili shi ne sautin ya zo a cakuɗe, ba yadda za a cire Indiyanci a bar kiɗa, dole a danne duka. Da akwai damman a rabe, da an zare magana kawai an sa ta Hausa, komai ya zauna lafiya. Shi ya sa ake ƙara bas ta huɗu wadda ke karɓar kiɗa da sautuka kaɗai, babu magana ko kalma ɗaya. Sunanta M&E, kuma ita ce fasfon fim. Finafinanmu suna da masoya a Nijar da Kamaru da Chadi da Sudan. Ranar da wani zai zo da kuɗinsa ya ce yana son ya juya fim ɗinka zuwa Faransanci ko Larabci, abin da zai fara tambaya ke nan. In babu, ciniki ya mutu a nan, ko da labarinka ya fi zuma daɗi.

MU GWADA DA SIN GUDA

Ku ɗauka jarumi da jaruma sun haɗu a bakin Kantin Kwari, yana tsaye a hagun allo, ita tana dama, suna musayar zafafan kalamai. Mu raba musu motoci.

Maganarsu ta shiga bas ɗin magana, ta tafi sifikar tsakiya. Dukkansu biyun. Na san wani zai ce ai shi yana hagu, me zai hana a kai muryarsa hagu? Ku tuna edita yana yanka hoto. Yanzu yana hagu, da an juya kyamara ya koma dama, da an matso fuskarsa ya cika allo. In murya ta riƙa bin sa tana tsalle, kan ɗan kallo zai yi ciwo. Bayan haka, a sinima sifikar tsakiya tana bayan allo ne, allon kuma yana da 'yan ƙananan huji da sauti ke fitowa ta ciki. Don haka ko a ƙarshen layin kujeru na hagu ka zauna, za ka ji maganar daga bakin mai yin ta take fitowa. Da a ce sifikun hagu da dama ne suka raba maganar tsakaninsu, wanda ya zauna a tsakiyar ɗaki ne kaɗai zai ji ta a tsakiya, na gefe zai ji ta a sifikar da ta fi kusa da shi. Ana barin murya ta fita daga tsakiya ne kawai in da dalili, misali wani ya ƙwala kira daga wajen allo.

Hayaniyar kasuwa, da masu ciniki, da masu tallar ruwa, da ƙugin injin janareta daga nesa, su shiga bas ɗin sautuka a shimfiɗa su a hagu da dama da sifikun baya, a hankali, ƙasa-ƙasa. Aikinsu su sa ɗan kallo ya ji yana tsakiyar kasuwar ba tare da ya lura da su ba. A ɗan saka kaɗan daga hayaniyar a tsakiya ma, domin kada maganar ta zama kamar an liƙa ta.

A Daidaita Sahu ya ratsa allo daga hagu zuwa dama: a nan ne za ka kama sitiyarin karkata sauti ka bi shi, daga L ya bi ta C ya fita ta R. Wannan layin mono ne, amma da yake mafitarsa bas ce mai kujera shida, kwamfuta za ta ba ka filin da za ka zagaya da shi duk inda kake so.

Abin da za a kiyaye shi ne sauti mai kaifi a baya. Ka sa ƙarar faɗuwar kwano ko kiran suna a sifikar baya ba gaira ba dalili, sai ka ga rabin sinima sun waiga suna neman wanda ya yi. Duk wanda ya waiga kuwa ya bar labarinka. Mun biya kuɗi ne mu kalli allo, ba bangon baya ba.

Sai wani tarko da ke ɓuya a layin magana. Makirfon da ya ɗauki muryar jaruma shi ne kuma ya ɗauki ƙarar awarwaronta da rufe ƙofar mota. In an bar su a can, ranar da aka cire magana don fassara sai ƙofa ta rufu shiru kamar ta aljanu. Don haka a yanke irin waɗannan a mayar da su layukan da ke shiga bas ɗin sautuka, waɗanda suka hau kan magana kuma a sake yin su a situdiyo.

To, in aka zo waƙa fa, tunda fim ɗin Hausa da wuya a raba shi da ita? Yawanci mai kiɗa yakan miƙo waƙa a haɗe, layi biyu. Ka roƙe shi ya ba ka a rarrabe: muryoyi daban, ganguna daban, fiyano daban. Sai ka zaunar da murya a tsakiya, kayan kiɗa su buɗe a hagu da dama, amsa-kuwwarsu ta zagaya baya. Kuma a ajiye muryoyin waƙa a kan layi na musamman, domin mai fassara ya zaɓa ko ya bar su ko ya canza. Amma ɗaukar waƙar sitiriyo a kwafa ta a watsa a duk sifiku shida, wannan ba 5.1 ba ne, hayaniya ce sau uku.

AMSA-KUWWA MA FASINJA CE

Idan jarumi yana magana a cikin zaure ko babban falo, ana ƙara wa muryarsa amsa-kuwwa don ta yi kama da wurin. Yadda ake yi shi ne a buɗe wata 'yar hanya ta aike, a ɗebi kaɗan daga muryar a tura wa na'urar amsa-kuwwa, ita kuma ta dawo da abin da ta yi. Tambaya ita ce, ta dawo da shi ina?

Masu son sauƙi sukan buɗe na'ura ɗaya kowa ya sha daga ciki, magana da kiɗa da harbi. Ranar da aka kashe bas ɗin magana sai a ji fatalwar Hausa tana yawo a cikin M&E, ba mai magana amma ana jin inuwar muryarsa. Masu duba ingancin fim suna kama wannan nan take, su dawo maka da kayanka. Maganinsa: kowace bas da tata amsa-kuwwar. Ta magana ta koma bas ɗin magana, ta kiɗa ta koma ta kiɗa, ta sautuka ta koma ta sautuka. Ɗa ya bi uwarsa.

WUFA BA JUJI BA CE

Matasanmu suna son rugugi, kowa ya sani. Shi ya sa wasu ke kwashe duk kaurin kiɗa su zuba a layin LFE. Kuskure ne mai tsada, saboda dalilai biyu.

Na farko, na'urar sinima tana ƙara wa wannan layin desibel 10 a lokacin kunnawa. In wufar situdiyonka ba a saita ta da wannan ƙarin ba, za ka yi ta tura rugugi don ka ji shi, ranar nuna fim kuma kujeru su kama rawa, magana ta ɓace. Na biyu, idan aka mayar da 5.1 zuwa sitiriyo don talabijin ko waya, yawanci zubar da LFE ake yi gaba ɗaya. Duk abin da ka ajiye a can shi kaɗai ya tafi. Ka ga waƙarka ta koma ba gindi.

Saboda haka kaurin ganga da na fiyano su zauna a manyan sifikun gaba, su ma suna iya ɗauka. LFE ƙari ne, na ranar biki: tsawa, fashewa, faɗuwar gini, haɗarin mota. Ta hanyar aike ake tura masa, a tace duk abin da ya haura Hz 120. Magana kuwa ba ta da abin yi a can ko kaɗan.

JERIN LAMBOBI: INDA AKE ASARAR DARE ƊAYA

Wannan ku karanta shi sau biyu. Layukan shida suna da jeri, kuma jerin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Wanda sinimar dijital da gidajen talabijin ke amfani da shi shi ne: 1 L, 2 R, 3 C, 4 LFE, 5 Ls, 6 Rs. Amma akwai tsohon jerin masu fim, wanda Pro Tools ke nunawa a cikinsa: L, C, R, Ls, Rs, LFE.

Ku duba abin da zai faru in an fitar da fayil a jeri na biyu, na'ura kuma ta karanta shi a na farko. Magana tana lamba 2, na'ura ta ce lamba 2 dama ce: duk maganar fim ta koma sifikar dama. Abin da ke dama ya dawo tsakiya. Kewayen hagu ya faɗa cikin wufa ya zama gurnani. Rugugi kuma ya tafi 'yar sifikar baya ta dama yana neman yaga ta. Aikin wata uku ya lalace a daren farko, ga manyan baƙi a zaune.

Rigakafin ba shi da tsada. Kafin fara aiki, a tura sautin gwaji a kowace mafita ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar daga sifikar da ta dace yake fitowa, a manna wa kowace waya takarda da sunanta. Wurin miƙa aiki kuma, a fitar da fayil shida daban-daban, kowanne da harafinsa a ƙarshen suna, sannan a tambayi mai karɓa jerin da yake so. Tambaya ba ta ɓatar da mai ita.

A AUNA ƊAKI

Ka'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce mai haɗa sauti ya zauna a tsakiyar da'ira: C a gabansa sak, L da R kowacce a digiri 30, na kewaye a wajen digiri 110, duk nisansu da shi ɗaya. A sinima ana saita kowace sifikar gaba a desibel 85, na kewaye a 82. Ƙaramin ɗaki irin na situdiyoyinmu 85 ta yi masa yawa, ana saukowa wajen 79. Abu mafi muhimmanci shi ne in an saita a bar maɓallin ƙara ya huta, kada a riƙa murɗa shi kowane sin. Kuma janareta ya yi nisa da ɗakin, domin wanda ke jin ƙugin inji ba zai ji sautin muhalli ba, zai yi ta ƙara shi har ya rufe magana.

KADA A MANTA DA MAI WAYA

Mu faɗa wa juna gaskiya: a cikin masu kallon fim ɗin Hausa, waɗanda za su gan shi a ɗaki mai sifika shida su ne 'yan kaɗan. Mafi yawa a waya za su kalla, ko a talabijin, ko a shagon mai shayi. Don haka ana buɗe wata bas ta sitiriyo wadda ke karɓa daga babbar bas. Lissafin da aka saba shi ne: hagu da dama su shiga yadda suke, tsakiya a rage mata desibel 3 a raba wa ɓangarorin biyu, na kewaye su ma a rage musu 3 kowacce ta bi ɓangarenta.

A nan za ka gane ko ka cika baya da kaya. Hayaniyar da ke bayanka a ɗaki, wadda kunne ke iya ware ta, yanzu ta dawo gaba ta zauna a kan magana. Sai ka riƙa sauya saurare, ka ji a shida, ka ji a biyu, ka ji a sifikar waya guda ɗaya. Gwajin ƙarshe shi ne wannan: ka ba wanda bai san labarin ba waya, in ya ce “me ya ce?” ko sau ɗaya, koma teburi. Finafinanmu na magana ne. Ku ɗauki fim ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro ku danne maganar, me ya rage na dariya?

Manyan kamfanoni ma a kan magana suke awo. Netflix, misali, tana neman ƙarfin magana ya zauna a wajen LKFS 27 ƙasa da sifili, kuma kada ƙololuwar sauti ta wuce desibel 2 ƙasa da sifili. Gidajen talabijin na Turai suna aiki da LUFS 23 ƙasa da sifili. Kowa da ma'auninsa, a nemi takardar ƙa'idarsu tun kafin a fara.

ABIN DA FURODUSA ZAI KARƁA

Furodusa, kada ka biya cikon kuɗi sai an damƙa maka waɗannan: cikakken 5.1, cikakken sitiriyo, damin magana, damin kiɗa, damin sautuka, da M&E. Duka a fayil na WAV, 48 kHz, bit 24, dukkansu su fara a wuri ɗaya, da ɗan ƙaramin “fit” na firem ɗaya daƙiƙa biyu kafin hoton farko don daidaita baki da murya. A kuma tabbatar da gudun hoton, domin sinima firem 24 take tafiya a daƙiƙa, talabijin ɗinmu 25. Ka ajiye su a wuri biyu. Dukiya ce, wata rana 'ya'yanka za su ci.

Na san wasu za su ce ai duniya ta wuce 5.1. Gaskiya ne an ƙara gaba: Toy Story 3 ya zo da 7.1 a 2010, Brave ya buɗe Dolby Atmos a 2012, mai sifiku har a rufi, inda ake iya ɗaukar sauti guda a ba shi wurinsa a sararin ɗaki. Amma ko a can, magana da kiɗa da sautuka a rabe suke, kowa da motarsa. Wanda bai iya lodin bas shida ba, ina zai iya da tashar jirgi?

Ga ɗan aikin gida. Duk wanda ya samu shiga sinima a wannan watan, ya zaɓi sin ɗaya ya rufe ido na minti guda. Ya nuna da yatsa inda magana take, inda kiɗa yake, da abin da ke bayansa. Ku rubuto mana abin da kuka ji, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma lokeshin mu duba yadda ake ɗaukar magana mai tsabta a cikin iska da hayaniya, domin abin da bai shiga makirfo da kyau ba, babu bas ɗin da za ta gyara shi.